Hannun da Goggo Kaltumi Take Jira

A unguwar Hausare ta Garuwa, idan mace ta cika, kafin a aika wa liman sai an fara aikawa gidan Goggo Kaltumi. Ita ce mai yi wa gawar mata wanka tun kowane gida a unguwar yana shan ruwan rijiyarsa, kuma ba a taɓa jin bakinta ya fitar da abin da idonta ya gani a jikin wata ba. Wannan shirun ne ya sa ake shakkarta, ake kuma sonta. A kan sauran al'amuran duniya kuwa bakin Goggo ba ya hutawa. Miyar maƙwabta, tuƙin 'yan babur, huɗubar da aka ja ta yi tsawo, duk tana da abin cewa a kansu.

Da ƙarfinta ya fara ja baya sai ta miƙa aikin ga 'yar ƙaninta, Khaula, wadda ta raina tun daga yaye. Sunan mahaifiyar Goggo aka sa wa Khaula, saboda haka Goggo ba ta taɓa kama sunan ba. Uwata take ce mata, har a lokacin da take zane ta da tsumagiya tana yarinya. Ta koya mata sirka ruwa har ya koma kamar na wankan jariri, da dakan ganyen magarya, da juya mamaciya ba tare da an tsiraita ta ba. Ta kuma koya mata ƙullin likkafani, wanda shi ne abin alfaharin Goggo a duniya. Babban yatsa da manuniya ne suke yin sa. Zai riƙe tun daga gida har maƙabarta ko da masu ɗaukar makara sun yi ta tuntuɓe, amma wanda ya shiga kabari ja ɗaya zai yi masa ya warware.

Wata rana sun dawo daga wanka, suna wanke hannu a tsakar gida, Goggo ta ce, "Uwata, ni ke za ki wanke."

"Goggo, ki bar wannan magana mana. Wa ya san wanda zai riga wani?"

"Allah ya sani, ni kuma ina roƙonsa. Kada ki yarda a kira mini Dudu ta Fulɓere. Wankanta kamar tana kankare tukunya, ga surutu, ga ƙullin da sai an sa haƙori. Mai sunanki ce ta yi mini wankan farko, ke za ki yi mini na ƙarshe. Ki ce kin ɗauka."

Khaula ta ce ta ɗauka. A lokacin hannunta lafiya lau yake, ba ta ga wani nauyi a maganar ba.

Ciwon da safiya ya fara. Za ta farka ta ji yatsunta kamar na aro, sai rana ta ɗaga kafin su yarda su lanƙwashe. Daga baya gaɓoɓin suka kumbura, suka ɗauki zafi, abin ya hau wuyan hannu, ya sauka gwiwa, hagu da dama daidai wa daida. Unguwa ta ce sanyi ne, in ba haka ba me ake jira daga mai wuni cikin ruwa da taɓa jikin da ya huce? Sai aka tasa ta gaba da zafi. Aka yi mata ƙaho, aka gasa ta da rairayin kogin Binuwai da aka soya a kasko, aka mulke ta da man kaɗanya, ta sha jiƙon da ɗacinsa ke kwana a harshe. Duk wanda ya zo dubiya likita ne, kowa da maganin da ya warkar da surukar ƙanwarsa. Hannun dai sai ƙara rufewa yake yi.

Ranar da aka kira ta wankan wata tsohuwa ta kasa ko yaga ƙyallen likkafani, ranar ta san aikin ya fita daga hannunta. Dole aka aika aka ɗauko Dudu, Khaula ta koma gefe tana kallo, kunya da baƙin ciki sun cika ta. Daga nan ko zaninta ba ta iya ɗaurawa da kyau. Mijinta Mahfuzu, mai shagon yadi a babbar kasuwa, mutum ne mai haƙuri da kyakkyawar niyya da hannu mara fasali. Shi ya koma ɗaura mata ɗankwali kafin ya fita, ɗaurin da yake zama a kanta kamar ƙunshin goro, ta wuni da shi a haka.

A daidai wannan lokacin Goggo, wadda suke zaune gida ɗaya da ita, ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, numfashinta ya gajarta, ba ta shan komai sai kunu. Likita ya ce zuciya ce ta gaji. 'Yan'uwa suka zo daga Yagoua da tabarminsu, suka zauna suka zauna, Goggo ta ƙi tafiya ko'ina, har ta fara sukar yadda suke dama kunun. Suka naɗe tabarmi suka koma gida.

Tana da wani tsinken farin ƙyalle a ƙarƙashin matashinta. Kullum da safe in Khaula ta shigo gaishe ta, sai ta zaro shi ta miƙa mata.

"Ƙulla mu gani."

Khaula za ta yi ta fama, yatsun su ƙi haɗuwa, ƙyallen ya sulale ƙasa. Goggo ta duba, ta taɓe baki.

"To, da saura ke nan. A kawo mini kunu."

Tun Khaula tana ɗaukar abin wasa har ta gane tsohuwar da gaske take. Jiranta take yi. Kowace safiya Khaula tana fita daga ɗakin da nauyin alkawari a ƙirjinta, tana tsoron ranar da Goggo za ta kasa jiran, a ɗauko Dudu.

Mahfuzu ne ya gaji da ƙaho da jiƙe-jiƙe ya kai ta asibiti, wurin Dokta Edwige, wata 'yar Kaélé mai ɗan jiki wadda Hausarta ta kasuwa ce, cakuɗe da Fulatanci da Faransanci. Ta latsa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka ɗebi jini, ta ba ta ƙwayoyin da ake sha sau ɗaya a mako. Watanni Khaula tana sha. Suka ɗan rage kumburin, suka tayar mata da zuciya, daga nan suka tsaya cik. Da ta koma, likitar ta jawo kujera ta zauna gab da ita.

"Madam Khaula, bari in faɗa miki abin da ke jikinki. Ba sanyi ba ne. Wuta ce, kuma ba daga waje ta shigo ba."

Ta ce jiki yana da masu gadinsa a cikin jini. In cuta ta shiga, sai su aika wa juna saƙo a taru a kanta. Masu kai saƙon ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, likitoci suna ce musu sitokin. Suna da yawa, amma akwai ɗaya mai babbar murya da ake kira te-en-ef.

"A jikinki shi wannan ya je ya tsaya a gaɓoɓinki yana ta kira, ku zo, ga abokin gaba. Babu kowa a wurin. Amma masu gadi sun ji kira, sun zo da fushi, ba su sami kowa ba sai guringuntsinki. Shi suke ci."

Khaula ta dubi yatsunta. Ta tuna shekarar da wata maƙwabciyarsu ta suma, wani mai gaggawa ya zagaye unguwa yana shelar ta rasu. Mutane suka cika gidan, aka tattake shukar rama, aka fasa randa, ita da Goggo har sun ɗora ruwa a wuta, sai ga matar ta buɗe ido tana tambayar wa ya mutu.

"Dokta, manzon ƙarya ke nan."

"Voilà. Kin fi ɗalibaina saurin ganewa."

"To yaya ake yi da shi?"

"Kama shi ake yi a hanya, kafin kiran ya isa."

Akwai wata allura, in ji ta, pikir da ake yi a ƙarƙashin fata duk mako biyu. Ba ta kashe masu gadi. A cikin duk abin da ke yawo a jinin mutum, wannan manzon kaɗai ta sani, in ta gan shi sai ta rungume shi ta hana shi magana. Amma likitar ba ta ɓoye mata komai ba. In an rufe bakin mai kira, ranar da abokin gaba na gaske ya zo za a yi jinkirin taruwa, don haka sai an ɗauki hoton ƙirjinta an tabbatar babu tarin fuka a ɓoye. In ta ji zazzaɓi ta zo a ranar, kada ta tsaya shan jiƙo. In ta koma aikinta ta sa safar hannu. Abin da wutar ta riga ta cinye kuma ba ya dawowa: ƙananan yatsu biyu na hagu da suka karkace, a haka za su zauna.

A bayan babur ɗin Mahfuzu, a hanyar gida, Khaula ta yi ta tunani. Mata nawa ta wanke a rayuwarta? Ta ɗauka babu wanda ya kai ta sanin jikin ɗan Adam a unguwar nan, ashe zaure kawai ta sani. Can ciki gari ne guda, da masu gadi, da manzanni, da kira da amsawa, har da kuskure irin na mutane. Ta dubi mai tura kurar ruwa, ta dubi mai gasa kifi a bakin titi, ta dubi ɗan sandan da ke gumi a mahaɗa. Kowannensu yana ɗauke da wannan garin yana tafiya da shi, bai ma sani ba. Ta yi ta tasbihi a hankali har suka iso.

Maganin ba irin wanda ake samu a kantin unguwa ba ne. Ƙaninta Sulaimanu da ke aiki a Duwala ne ya shiga ya fita har ya samo, ya aiko da shi cikin akwatin sanyi. Sharaɗin maganin kuma mai wuya ne a Garuwa, inda bazara take narkar da takalmin roba: yana son sanyi, amma in ya daskare ya lalace. Gidan Mahfuzu babu firji. A bakin layinsu akwai Honorine, wata Kirista 'yar duwatsun Mokolo mai sayar da zoɓo da ƙanƙara, wadda ta daɗe tana aiko wa Goggo da zoɓo mara sukari. Da aka yi mata bayani sai ta kwashe kwalabe daga shantar tsakiya ta firjinta gaba ɗaya, ta ajiye maganin shi kaɗai kamar babban baƙo.

"Yaya Khaula, kada ki damu. In kuran ya tafi, an ɗauke wuta, zan naɗe glas, ƙanƙarar nan, a tawul in sa a glasiye, akwatin sanyi. Ko folere, zoɓon nan, duka ya lalace, wannan ba zai ji zafi ba."

Ranar allurar farko Khaula ta ɗaga abin ta duba a haske. Ruwa ne garau, bai kai cikin cokali ba. Dokta Edwige ta ce ba a tafasa shi daga saiwa, ba a niƙa shi daga dutse, wasu ƙwayoyin halitta masu rai ne ake kiwo a manyan tankuna, ana ciyar da su, su kuma suna fitar da shi. Khaula ta sake duban ruwan. Wai a wata ƙasa mai nisa akwai masu kiwon abin da ido ba ya gani, don a tatsi ɗigon da zai shiga cinyar mai wankan gawa a Hausare ya nemo wani mai shelar ƙarya a cikin yatsunta. Ta yi bismillah, aka soka.

Babu abin da ya faru. Washegari ƙyallen Goggo ya faɗi ƙasa kamar kullum, haka bayan allura ta biyu. Goggo ta ce ruwan Nasara ne aka zuba mata, ta nemi kununta.

Sai wata asuba Khaula ta idar da alwala, ta ajiye buta, ta miƙe za ta shiga ɗaki, sannan ta tsaya. Da hannu ɗaya ta ɗauki butar, a cike. Ta dubi hannun. Ta dunƙule shi, ya dunƙulu. Ta buɗe, ya buɗu. Ta haɗa babban yatsa da manuniya, suka taɓa juna ba tare da wannan tsinin azabar da ta saba ba. Ta kai bayan hannun ga kumatunta, ta ji shi da sanyin ruwan alwala kawai, zafin ya tafi.

Ta yi salla. Da gari ya fara haske ta zagaya bayan ɗakin girki, ta sami tsohon zani ta yage gefensa da hannunta, ƙarar yagewar ta yi mata daɗi fiye da kowace waƙa. Ta naɗa tsinken a taɓarya, ta ƙulla. Ta jijjiga taɓaryar, ƙullin bai motsa ba. Ta ja bakin sau ɗaya, ya warware. Nan ta durƙusa ta kai goshinta ƙasa, tana kuka tana godiya. An kama manzon. A cikin jikinta, a wurin da ba ta gani, an yi shiru, masu gadin sun koma gida.

Ta warware ƙunshin goron da ke kanta tun jiya, ta ɗaura ɗankwalinta da kanta, ta nufi ɗakin Goggo da sauri don ta nuna mata. A bakin ƙofa ta ji numfashin tsohuwar, gajere, yana fita da ƙyar. Sai ta tsaya. Abin da Goggo take jira ke nan. In ta gani, me ya rage mata kuma da za ta jira?

"Uwata, ke ce? Ƙulla mu gani."

Khaula ta karɓi ƙyallen. Ta sandarar da yatsunta, ta juya shi, ta bar shi ya sulale ƙasa.

Goggo ta dube ta ta ɗan jima. "Da saura ke nan. A kawo mini kunu."

Haka aka shiga yi. A waje Khaula tana tuƙa tuwo, tana tsefe kanta, tana zare tsakuwa daga shinkafa. A asibiti Dokta Edwige ta latsa gaɓoɓin ta ga ba ta ko ƙifta ido ba, ta duba sakamakon jini ta ce wutar ta kwanta, har da tafi. Amma da Khaula ta ɗaga labulen ɗakin Goggo sai hannun ya koma na mai ciwo. Ta ƙware da abin har tana ƙarawa da ɗan nishi. Ta roƙi Mahfuzu kada ya faɗa, shi kuma da ma tsoron tsohuwar yake ji, ya yi alkawari da sauri.

Goggo kuwa tana nan, amma zaman ba na daɗi ba ne. Ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matasai. Bayanta ya fara gyambo. Kunun da take nema ma, kurɓa biyu take yi ta kau da kai.

Ranar wata allura, Honorine ta kawo maganin da kanta, ta shiga ta gaida Goggo, ta fito jikinta a sanyaye. Ta sami Khaula a tsakar gida tana zura zare a allurar ɗinki.

"Dada Kaltumi ta ce mini pikir ɗin bai yi miki aiki ba," in ji Honorine, idonta a kan zaren.

Khaula ta ajiye ɗinkin a cinya. Ta faɗa mata gaskiya, a taƙaice, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya Khaula, tana shan wahala. Kina riƙe ta ne."

"Ni wace ce da zan riƙe ta? Rai a hannun Allah yake, ba a nawa ba."

"Na yarda. To in haka ne, don me kike ɓoye naki?"

Khaula ta ji haushinta ƙwarai. Aka yi allurar, Honorine ta ɗauki akwatinta ta tafi.

Washegari da hantsi Khaula ta kai ruwan ɗumi ta goge wa Goggo jiki, ta juya ta a hankali, ta gyara matasan. Tana jira a zaro ƙyallen, ba a zaro ba. Goggo ta kama hannunta na dama ta ɗora a kan ƙirjinta ta riƙe.

"Mahfuzu ya iya ɗaurin ɗankwali yanzu," in ji ta. "Har da irin lanƙwasar da na koya miki a gefen kunne. Allah mai iko."

Khaula ta sunkuyar da kai.

"Ko da ban ga ɗankwalin ba, Uwata, ni za a ɓoye wa zafin jiki da sanyinsa? Da in kin taɓa ni kamar an ɗora mini dutsen guga. Tun ranar da kika shigo kika yar mini da ƙyalle da gangan, hannun nan ya huce."

"Goggo, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ni ma ban ƙoshi da ganinki ba. Na ce bari in bar ta ta yi ƙaryarta, in yi tawa." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Amma yanzu na gaji. Lokacin ba naki ba ne, ba nawa ba ne, in ya zo ya zo. Ina dai so in gani da idona, hankalina ya kwanta."

Ta zaro ƙyallen. Ya yi dauɗa saboda yawan faɗuwa ƙasa. Ta miƙa tsintsiyar hannunta, wadda ta rame ta koma kamar sanda. Khaula tana hawaye ta naɗa, ta ƙulla, yatsun suna tafiya da kansu. Goggo ta ɗaga hannun ta duba ƙullin ta kowane gefe kamar mai sayen zobe. Ta girgiza shi, bai motsa ba. Sannan ta kama bakin da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ja. Ya warware.

"Madalla," in ji ta. Ta kama hannayen Khaula tana jujjuya su, tana taɓa gaɓoɓin da suka saɓe, har da yatsu biyun da suka karkace. "Wai ɗigon ruwan nan ne ya yi wannan? Ya shiga ya nemo shi, shi kaɗai?"

"Shi kaɗai, Goggo."

"Kai. Mun yi ta wanke abin da ba mu san cikinsa ba." Ta lumshe ido. "Ki ce wa 'yar Kaélé na gode. Da Honorine, useko, ita ma na gode mata. Kunun yau ke za ki dama, na gaji da na masu ƙullutu."

Ba a ranar ta tafi ba. Ta ƙara kwanaki, tana shan kunun Khaula, tana sukar gishirin miyar da ba ita za ta ci ba. Sulaimanu ya samu ya iso daga Duwala ta sa masa albarka. Wata ranar Laraba bayan azahar, Khaula tana riƙe da ita tana laƙƙana mata kalmar shahada, ta cika.

Babu wanda ya ko ambaci Dudu. Khaula ta sirka ruwan da kanta, ta gwada da gwiwar hannu, ta ƙara na sanyi kaɗan. Ta daka magarya, ta jiƙa kafur, ta sa safar hannu kamar yadda likita ta ce, ta rufe ƙofa ita da mai zuba mata ruwa. Ta fara da dama. Jikin ya yi sauƙi ƙwarai, kuma yanzu da ta san irin garin da ya zauna a cikinsa shekara da shekaru, sai ta taɓa shi da wata girmamawa da ba ta taɓa ji ba a duk wankan da ta yi. Da za ta juya ta, mai zuba ruwan ta ji ta ce a hankali, "Juya, 'yata, saura kaɗan." Ta tsefe farin gashin ta yi masa kitso uku. Mahfuzu ya aiko da farin yadi mafi laushi a shagonsa, ta yaga da hannunta, ta naɗe ta, ta ƙulla a kai da tsakiya da ƙafa.

Maza suka ɗauka suka fita. Khaula ta zauna cikin mata a tsakar gida, Honorine a gefenta da mayafi a ka, masu gaisuwa suna shigowa suna fita. Tana amsawa, amma kunnenta yana zaure.

Rana ta yi sanyi sannan suka dawo. Sulaimanu, wanda shi ya shiga kabarin, ya ratso mata ya zo ya durƙusa a gabanta, jar ƙasa har gwiwar wandonsa.

"Yaya, hanya ba ta da kyau, sau biyu muka kusa zamewa a kwari. Ƙullinki ko ɗaya bai motsa ba." Ya share ido da bayan hannu. "Da na shiga, ja ɗaya-ɗaya na yi musu."

Khaula ta gyaɗa kai. Ta buɗe hannayenta a kan cinya ta dube su, da ƙamshin kafur a jikinsu har yanzu. Sai a lokacin ta yi kukan da ta riƙe tun azahar.